Tun ran gini tun ran zane: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu tsara birni da gina tituna a Jihar Gombe

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa, ina kuma zaune a ɗaya daga cikin sababbin rukunin gidajen nan da suka tsiro a gefen hanyar Bauchi, bayan an wuce Tumfure. Maƙwabta sun ɗora mini riƙon littafin kwamitin unguwa, wai malami ba ya rasa biro a aljihu, to da bakinsu da nawa nake wannan rubutu. Da gangan na ƙi faɗin sunan unguwar, domin duk mai zama a sabuwar unguwa a kewayen Gombe, ta hanyar Dukku ce, ta Bajoga ce ko ta Kumo, in ya karanta zai ɗauka layinsu nake nufi.

Da godiya zan fara, kuma ba ta share fage ba. Mun san yadda muke kafin kwalta. Da rani ƙura, farar riga ba ta kai Azahar. Da damina taɓo, ɗan acaɓa yana jin sunan unguwar zai ce, "Malam, can sai dai ka ƙara," ko kawai ya ja babur ɗinsa ya yi gaba. Ranar da aka gama shimfiɗa babban layinmu yara har birgima suka yi a kai. An yi gwata hagu da dama, an kafa fitilun sola. Wanda bai gode wa mutane ba, ba zai gode wa Allah ba.

Sai dai akwai wani aiki da ramuka da yashi suke yi mana kyauta, wato tilasta wa direba ya bi a hankali. Da kwalta ta zo, wannan aikin ya tafi tare da ramukan, ba a kuma sa komai a madadinsa ba. Layin namu miƙaƙƙe ne samɓal, kamar an ɗora rula an ja, tun daga bakin babbar hanya har ƙarshen unguwa, ba kwana ba tudu, ga faɗin da motoci uku za su jera ba su gogi juna ba. Direban da ya baro titin Bauchi a guje, in ya karyo cikin unguwa idonsa ba ya ganin abin da ya canza, don haka ƙafarsa ma ba ta sauka daga kan totur. Akwai allo guda a bakin shiga da ke cewa a rage gudu. Tun lokacin zaɓen da ya wuce fuskar wani ɗan takara ce manne a kai, har yau yana mana murmushi.

Ku zo ku ga layin nan bayan La'asar sakaliya, lokacin da Islamiyya ke tashi. Yara ne rututu a tsakiyar kwalta, don babu inda aka ware musu, gefe gwata ce a buɗe, bayan gwata kuma katangar mutane. Ga masu kurar ruwa, ga mai ƙosai ta kafa kasko, ga dattawa sun fara haramar masallaci. A daidai wannan lokaci ne masu motoci ke dawowa daga cikin gari, sun fuskanci yamma, rana ta sauko tana dukan gilashi a ido.

A irin wannan yammacin ne mota ta buge ɗiyar maƙwabcina, yarinya 'yar shekara 7. Ta fito daga bayan kurar mai ruwa za ta tsallaka gida. Ina zaune a ƙofar gidana ina makin jarrabawa na ji ƙarar taya, kafin in ɗaga kai an gama. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne silifas ɗinta ƙafa ɗaya a tsakiyar titi, a kife, da jakar littattafanta can cikin gwata. Allah Ya yi da sauran kwana, ƙashin cinya ne ya karye, ta yi makonni a kwance, yanzu tana tafiya da ɗan ɗingishi. Direban ba mashayi ba ne, ba kuma baƙon unguwa ba ne sosai, ƙanin wani ne a layin baya. Ya fito jikinsa na ɓari yana ta rantsuwa, "Wallahi na taka burki, wallahi na taka." Matasa sun so su taɓa shi, dattawa suka hana. Ni kuwa na yarda da shi, don shatin tayarsa na nan baƙi ƙirin a kan kwalta. Ya taka ɗin. Gudun da yake yi ne bai bar wa burkin wurin aiki ba.

Mun ce ƙaddara, kuma ƙaddara ce, ba mu ja da wannan. Amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Ku yi mini haƙuri in ɗan yi aikina na aji, don nan ne gundarin maganar. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin mita 8 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Mai gudun 50 kuwa kusan mita 14 take ci. Direba mai cikakken hankali, wanda ba waya yake latsawa ba, yana buƙatar kamar daƙiƙa 1 tsakanin ganin yaro da kai ƙafa kan burki. Bayan ya taka kuma motar ba ta tsayawa nan take, kuma tafiyar da take yi a kan burki ba daidai da gudu take ƙaruwa ba: in gudu ya ninka sau 2, ita sau 4 take ninkawa. In ka haɗa, a kan busasshiyar kwalta, mai gudun 30 zai tsaya cak cikin kimanin mita 13, mai gudun 50 sai ya ci wajen mita 28. Ku lura da wannan da kyau: a daidai inda na farko ya riga ya tsaya, na biyu ƙafarsa ba ta ma isa kan burki ba. Yaron da ya ɓullo a tazarar mita 13, ɗaya zai tsaya a gabansa ya leƙo ta taga ya yi masa faɗa, ɗayan zai ɗauke shi da cikakken gudunsa. Ƙarfin bugun motar da ke gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa 3. Na 30 bai wuce faɗowa daga mita 3 da rabi ba. Wannan duk a kwalta mai tsabta ke nan. Tamu kuwa, da an yi ruwa ɗaya yashi ya hau kanta, taya sai dai ta yi ta sulɓi.

Bayan abin da ya faru na auna mita 100 a layinmu, na yi alama da gawayi a jikin katanga biyu, na zauna da agogon waya. Motar da ta ratsa tsakanin alamun a daƙiƙa 12 tana kan 30. Wadda ta ratsa a daƙiƙa 6 tana kan 60. Ban daɗe a zaune ba na daina mamakin masu daƙiƙa 6, har da babura masu goyon mutum biyu. Kowane injiniya a cikinku zai iya maimaita wannan da wayarsa, ba sai an sayo wata na'ura ba.

Ƙa'idar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari. Wannan ya dace da manyan titunan cikin Gombe, amma ya yi yawa a layin da ƙofofin gidaje ke buɗewa kai tsaye a kan kwalta. Ba ni na ƙirƙiro 30 ɗin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun 30 ko ƙasa da haka, a cikin 10 kusan 9 suna rayuwa, amma da gudu ya kai 45 waɗanda ke tsira ba su kai rabi ba. A rahotonta na 2023 ta ce haɗarin hanya na cin rayuka kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen duniya sun taru a Stockholm ta ƙasar Suwidin, suka amince cewa duk inda motoci ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa, kada gudu ya wuce 30. Sifaniya ta mai da shi doka a 2021 a titunan cikin gari masu layi ɗaya kowane hannu.

To amma rubuta 30 a jikin allo abu ne, sa direba ya yi 30 kuma wani abu ne daban. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana nan tun 1988, jami'anta suna ƙoƙari a kan manyan hanyoyi, amma ba wanda zai ce a ajiye jami'i a kowane lungun unguwa dare da rana. Wa'azi ma an yi, limaminmu ya yi bayan sallar Asuba ya yi bayan Isha'i, kuma da yawa cikin masu gudun a sahun gaba suke. Direba titi yake karantawa. In titi ya ce masa "taka", zai taka.

Da muka ga haka, sai muka yi abin da kowace unguwa ke yi: muka ɗauki doka a hannunmu. Aka yi karo-karo, aka sayi siminti da tsakuwa, aka kira birkila ya zuba mana tudun rage gudu, wanda mu nan muke kira bam. (A wannan yanki namu na arewa maso gabas, in za ka ce "an sa bam a layinmu" sai ka fara duba wa ke kusa.) Birkilan gwanin gini ne, amma bai taɓa yin titi ba, mu ma da ke tsaye a kansa ba mu taɓa ba. Kowa na cewa "ƙara masa tsayi, su ji a jikinsu". Abin da ya fito kamar kunyar doya, gajere, mai tsini, ba fenti ba alama. Mutanen layin gaba suka ga haka su ma suka yi nasu, har guda uku a jere, wani ya jawo kututturen dogon yaro ya gitta, wani ya shimfiɗa ƙatuwar igiya, wani ya binne tsofaffin tayoyi.

Ga abin da ya biyo baya. Ƙananan motoci suka riƙa kartar ƙasa, salansa na ɓallewa. 'Yan acaɓa suka gano cewa tudun bai kai bakin gwata ba, sai suka riƙa kaucewa ta gefe a guje, ta daidai inda yara ke raɓewa. Wani dare wani ɗan acaɓa baƙo, wanda bai san da shi ba, ya hau tudun a guje ya kife, haƙoransa biyu suka zube, mu muka kai shi asibiti muna jin kunya. Wani maƙwabci ya ɗauki matarsa tana naƙuda cikin Keke Napep, ya ce kowane tudu suka hau sai ta yi salati, ya rantse sai ya sa diga ya fasa, aka sha fama kafin a lallashe shi. Da damina ta zo kuma tudun ya tare ruwa, ya yi kududdufi, ruwan ya fara cin gefen sabuwar kwaltar da muka yi shekaru muna roƙo. Garin neman gira muka kusa rasa ido. Ban ga laifin hukuma ba idan ta zo ta fasa irin waɗannan, domin ɓarna ce. Abin da nake cewa shi ne, in kun fasa kun tafi ba ku sa na ƙwarai ba, kafin wata ya zagayo za a sake zuba wani, domin uban da aka buge wa ɗiya ba zai zauna jiran takarda ba.

Alhali abin nan yana da ma'auni sananne, kuma kun fi ni saninsa. Tudun da masu binciken hanyoyi na Ingila suka fitar tun shekarun 1970 faɗinsa mita 3.7 ne daga inda taya ke hawa zuwa inda take sauka, tsayinsa kuma bai wuce santimita 10 ba, wato bai kai tsawon biro ba. Doronsa a kwance yake kamar bayan kunkuru. In ka hau shi a 25 ko 30, lilo kawai za ka ji, ba sai ka tsaya ba, ba ya taɓa ƙasan mota, mai ciki ma ba ta wahala. In ka hau shi a 60 sai kanka ya gaisa da rufin mota. Haka ake so, mai hankali ya wuce lafiya, mai ganganci ya ji jiki. Namu na birkila kowa yake hukuntawa. Kuma ba a sa shi ɗaya tilo, don direba zai rage ya haye ya sake takawa da huce haushi. Ana jera su da tazarar da ba ta kai mutum ya ɗauki gudu ba, kamar mita 60 zuwa 100, a shafa musu fenti mai ƙyalli, a sa su inda hasken fitila ke sauka. A wurinmu sai an ƙara kula da abu biyu: ya kai har bakin gwata don kada babur ya samu ta kaucewa, a kuma bar wa ruwa mafita. Gombe a kwari take, duk mun san abin da ruwan da aka tare wa hanya ke yi wa ƙasar garin nan, kwazazzaban da ke cikin unguwanni sun ishe mu shaida.

Akwai wani salo da ake yi a wasu ƙasashe, tudun da ake yanka shi gida-gida a bar rata a tsakani, don motar asibiti da ta kashe gobara su wuce ba girgiza. Yana da kyau a can. A nan ina ganin ba zai yi ba sai a layin da ya zama dole, domin ratar nan ita ce ƙofar ɗan acaɓa, kuma babur ne rabin matsalarmu.

A ƙofar makaranta da Islamiyya da masallacin Juma'a, abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaga wurin tsallakawar kansa, ya zama tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, da zanen fari a sama. Yaro in ya hau ya ƙara tsawo a idon direba, direba kuma dole ya sassauta a daidai inda ake so ya sassauta. A Darussalam ta Tanzaniya an yi irin wannan a kewayen makarantun firamare, da tudu da wurin tsallakawa da hanyar ƙafa, da aka bincika aka samu raunukan da yara ke ji a hanya sun ragu da kashi 26 cikin 100. A bakin shigowa daga babbar hanya kuwa, ba muna neman a zuba tudu a kan titin Bauchi ba, wanda ya san gangaren da ke shiga Gombe da yadda tirela ke saukowa da kaya ba zai nemi haka da wasa ba. Amma ana iya jera 'yan siraran layukan nan masu sa taya gurnani kafin mahaɗa, su farkar da direba. A Gana an sa su a mahaɗar Suhum, kan hanyar Akra zuwa Kumasi, haɗurra suka ragu da kusan kashi 35, mace-mace da kusan kashi 55, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da sake gina mahaɗar.

Duk da haka, ranku ya daɗe, tudu magani ne bayan ciwo ya kama. Abin da ya sa na sa wa wasiƙar nan wannan take shi ne, mafi yawan gyaran a kan takarda ake yinsa, ranar da safiyo da mai zane ke yanka fulotai. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 garin ke faɗaɗa, ya shiga ƙasar Akko, ya doshi Kwami da Yamaltu-Deba, kuma kusan kowace sabuwar shimfiɗa zane ɗaya ce: layuka miƙaƙƙu masu gitta juna kamar gidan dara. Yana da sauƙin yankawa, yana da sauƙin sayarwa. Amma layin da ya miƙe rabin kilomita ba abin da ya katse shi filin tsere ne. Da mai zane zai karya shi, ya sa mahaɗa mai kai uku a maimakon mai kai huɗu, ya ɗan gusar da layi hagu ko dama, ya sa ƙaramin shataletale inda manyan layuka biyu suka haɗu, da ba a buƙaci tudu da yawa ba. Kwana ma a matse ta. Kwana mai faɗi, wadda aka zagaye kamar bakin faranti, ita ke sa mota ta sha ta ba tare da taka burki ba.

Sai faɗin kwalta. Mu mutanen nan muna son titi mai faɗi, alamar ci gaba ce a wurinmu, ni ma da haka nake gani. Amma a cikin unguwa mita 6 na kwalta ya ishi motoci biyu su wuce juna. Abin da ya saura a bai wa masu ƙafa, waɗanda su ne mafi yawa a kowane layi, kuma su ne ba a zana musu komai ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a rufe gwata da silab, a ɗaga ta kaɗan sama da kwalta, ta zama hanyar ƙafa. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, yara sun samu wurin bi, shara da leda sun daina cika gwata. A kuma dasa itatuwa a jere. Jihar nan ta yi suna da shirin dashen itatuwa tun 2019, to a kawo wani kaso cikin layukan unguwa. Titi mai itatuwa a gefe yana matsewa a idon direba ko da ba a rage masa taku ɗaya ba, ga inuwa ga mai tafiya a zafin Afrilu.

Mutanen Holan, da suka fara wannan tunani a garin Delft a ƙarshen shekarun 1960, daga irin halin da muke ciki suka faro: mazauna layi ne suka gaji da motoci masu ratse a ƙofar gidajensu. Bambancin shi ne hukumarsu ta karɓi abin ta gyara shi, har ya shiga dokar ƙasa a 1976.

Maganar ratse ta tuna mini da tifa. Tun da aka yi mana kwalta, masu tifar yashi da tankokin ruwa da ke zuwa unguwannin da ke bayanmu suka mai da layinmu hanyarsu. Ba mu hana kowa neman abinci ba, mu ma da tifa aka kawo yashin gidajenmu. Amma kwaltar unguwa ba a yi ta don wannan nauyin ba, ta fara lotsawa a wurare, kuma direban tifa daga can sama ba ya ganin yaron da ke gaban bambarsa. A fitar musu da hanya ta gefen unguwa, ko a hana su shiga a lokacin tafiya makaranta da tashi.

Na san abin da za a ce, don a taron unguwa ma an faɗa. Wani ya ce tudu na ba 'yan kalare damar tare mutum da dare su ƙwace waya. Tsoro ne na gaskiya, kuma tudun birkila da ke sa ka tsaya cak a cikin duhu shi ke jawo shi. Mai ma'auni a ƙarƙashin fitila ba ya tsayar da kowa. Wani ya ce ɓata lokaci ne. Na yi masa lissafi a bayan takardar taro: layin mita 500, a gudun 60 daƙiƙa 30 ne, a gudun 30 minti 1 ne. Rabin minti ke nan, bai kai lokacin da yake ɓatawa yana danna hon a buɗe masa get ba. Za a kuma ce kuɗi. Tudu da wurin tsallakawa, in aka yi su ranar da injin kwalta da leburori ke wurin, ɗan ƙari ne a kan kwangila. In aka bari sai an kwashe kayan aiki, sai an sake sabuwar kwangila, kuma mun san yadda sabuwar kwangila ke daɗewa a hanya. Rukunin gidajen da 'yan kasuwa ke ginawa su sayar kuwa, ba sai gwamnati ta kashe sisi ba: a sa shi cikin sharuɗɗan amincewa da zane, wanda bai nuna hanyar ƙafa da matakan rage gudu ba a mayar masa da takardarsa ya gyara.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu mazauna muna da namu. Mu ne ke miƙa wa yaro ɗan shekara 14 makullin mota ya je ya sayo burodi, har muna alfahari ya iya. Mu ne ke mai da layi makarantar koyon tuƙi ranar Lahadi. Ranar kai amarya abokan ango su zo suna juya motoci a tsakiyar unguwa, taya na hayaƙi, yara na bin su da ihu, manya na kallo daga kan tabarma. Mu ke juye tifar yashi da bulo a kan rabin titi wata da watanni, mu ke kai katanga har kan kusurwa yadda mai fitowa daga lungu ba ya ganin komai sai ya sako hancin mota. Wannan namu ne, kwamiti da mai unguwa da limamai mun fara magana a kai, an kuma hana wasan mota a bikin da aka yi kwanan baya, ko da yake sai da aka kai ruwa rana da abokan ango. Maganar katangar kusurwa kuwa, ku ke ba da izinin gini, hannunku ya fi namu kaiwa.

Abin da muke roƙo bai da yawa. A fitar da zane guda na tudun rage gudu, da awonsa a rubuce da Hausa da Turanci, a raba wa masu unguwanni, a ce duk unguwar da ke so ta rubuto, a turo injiniya ya nuna wurin da ya dace ya kuma tsaya a kan aikin. Unguwanni da yawa za su sayi kayan da kansu, mu ma mun saya a baya, ilimin ne ba mu da shi. A ayyana 30 a matsayin iyakar gudu a cikin rukunin gidaje. Sababbin shimfiɗu kuma, waɗanda har yanzu suke kan takarda, a duba su da idon yaron da zai tafi Islamiyya a ƙasa.

Layuka huɗu na bayan unguwarmu an riga an baje su, an zuba jar ƙasa, an ce da rani za a sa kwalta, kuma a ɗayansu makarantar firamare take. Kafin injin ya iso muna gayyatar injiniyanku ya zo, kowace rana daga Asabar zuwa Laraba, da misalin ƙarfe 5 da rabi na yamma. Akwai benci a ƙofar gidana, alamun gawayin ma suna nan a jikin katanga, ruwa bai wanke su ba tukuna.

Allah Ya yi muku jagora, Ya tsare mu da zuri'armu.

Naku,
Wani malamin lissafi, a madadin kwamitin unguwarsu,
Gombe.